TAKALMIN KOFATO DOMIN DOKINKA

Manomi, dokin da ke jan amalanken audugarka da kofatonsa yake aiki. In tsakuwa ta cinye kofato sai ya yi ɗingishi, auduga ta kwana a gida ranar awo.

Akwai takalmin roba da ake sa wa doki ba tare da ƙusa ba. A Amurka aka soma yin irin na zamani a 1970. Ga abin da za ka kiyaye:

1. Gyara kofato tukuna, sa'an nan ka auna faɗinsa da tsawonsa. Auna kowace ƙafa dabam, gama ba girmansu ɗaya ba.

2. In takalmi ya yi yawa, zai juya ya fita a hanya. In ya matse, zai goge dunduniya har ta yi miki.

3. Duba ƙarƙashinsa. In zanen ya suɗe kamar na tsohuwar taya, doki zai zame a laka.

4. Da ka dawo, cire shi, ka wanke yashi, ƙafa ta sha iska.

Kofato yana tsiro kusan santimita 1 a wata. Saboda haka ka riƙa gyara shi kowane mako 6, kada takalmin ya matse.