Wa Ya Rubuta Littafin da Ke Hannun 'Yarki?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi karatun 'ya'yanmu mata, kuma da wani labari daga Amurka za mu fara.

A shekarar 1930 aka fitar da littafin farko na Nancy Drew, wata yarinya 'yar shekara 16 mai binciken sirri da bankaɗo asirin ɓarayi da maha'inta. A bangon littafin an rubuta Carolyn Keene, alhali babu wata mace mai wannan suna da ta rubuta shi. Wani ɗan kasuwar littattafai, Edward Stratemeyer, shi ya tsara ƙashin labarin, ya ba wata matashiya mai suna Mildred Wirt Benson ta rubuta. Cikin littattafai 30 na farko, 23 aikinta ne. A farko dala 125 ake biyanta kan kowane littafi, bisa sharaɗin ba za ta ce nata ba ne. Sai a 1980, da rigimar haƙƙin mallaka ta kai kotu, ta ba da shaida, duniya ta san gaskiya. Shekara 50 ke nan tana ɓoye!

To, me ya sa har yau ake karanta su, bayan an sayar da miliyoyin kwafi? Dalili a fili yake. Yarinya tana son ta ga 'yar'uwarta mai lura, mai tambaya, wadda ba ta yanke hukunci sai da hujja. Sannan tun daga 1959 aka riƙa gyara tsofaffin littattafan, aka cire kalaman wariyar launin fata.

Mu a nan, Hafsatu Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, duk da sunayensu na gaskiya, kowa ya san wa zai yaba, wa zai tuhuma. Amma yanzu labarai da dama da ke yawo a WhatsApp da sunan aro suke zuwa, har cikin ɗakunanmu a nan Babura. Wasu masu kyau ne, wasu kuwa sai dai a ce Allah Ya kyauta.

Don haka Uwargida, kar ki fizge littafi ko waya ki ce "karatun banza". Zauna da 'yarki ki tambaye ta abu uku: wa ya rubuta? Me jarumar take yi, tunani ko jiran saurayi kawai? Da kika gama, me kika ƙaru da shi? In da hali ki karanta babi ɗaya da kanki. Yarinyar da ta saba tambayar asalin labari, da wuya a ruɗe ta da jita-jita gobe a gidan aurenta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.