Sauya Fitilun Motar Haya: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Mayar da Ita

A ƙasashe irin su Amurka, Ingila da Jamus, mutane da dama ba sa sayen sabuwar mota. Hayarta suke ɗauka na shekara 2 zuwa 4, suna biya duk wata, idan wa'adi ya cika su mayar. Motar ta kamfani ce har ranar ƙarshe, don haka duk abin da aka sauya a jikinta yana iya komawa bashi a wuyan mai haya. Fitilun gaba na cikin abubuwan da matasa suka fi son taɓawa, musamman yadda bidiyon farin haske ya cika TikTok da YouTube.

Nau'o'in fitila uku

Halojin shi ne tsohon yayi: ƙwai mai siririn zare a ciki, yawanci wat 55, haskensa ruwan ɗorawa. HID ko zenon yana cin wat 35, amma sai an haɗa masa ƙaramin akwatin da ke ɗaga ƙarfin lantarki. LED kuwa bai cika cin wuta ba, ga daɗewa. Kowane ƙwai da lambarsa, kamar H4, H7 ko H11, kuma tana cikin littafin motar.

Inda matsalar take

An ƙera gidan fitilar halojin ne daidai da wurin da zaren ƙwan yake zama. Idan aka cusa LED ko HID a ciki, hasken yakan warwatse ya kashe wa direban da ke tahowa ido, shi kuma mai motar bai ƙara ganin nesa ba. Saboda haka tun 2021, a gwajin lafiyar mota na MOT a Birtaniya, yawancin motocin da aka yi wa wannan sauyi faɗuwa suke yi. A Jamus sai ƙwan LED ɗin da hukuma ta amince da shi ga ainihin samfurin motar.

Akwai kuma kwamfutar mota. Tana lura da yawan wutar da ƙwai ke ja. Da yake LED ba ya ja da yawa, sai ta ɗauka ƙwan ya mutu, ta kunna alamar gargaɗi, ko fitilar ta riƙa ƙyaftawa.

Sauyin da ke komawa da wanda ba ya komawa

Ma'aunin guda ɗaya ne: shin za a iya mayar da fitilar yadda aka same ta ba tare da tabo ba? Cire ƙwai a sa wani mai soket iri ɗaya yana komawa. Yanke waya, huda murfin baya don fankar LED ta samu wuri, ko gasa gidan fitila a ɓamɓare gilashinsa, waɗannan ba sa komawa. Gidan da aka taɓa buɗewa yakan fara tara raɓa a ciki, kuma a sababbin motoci sau da yawa sai dai a sayi sabo ɗungurungum.

Matakan kare aljihu

1. A karanta yarjejeniyar haya tukuna. Yawancinsu sun hana sauyi sai da izini, kuma izinin ya zama a rubuce, ko da ta imel ne.
2. A ɗauki hoton fitilun da soket ɗinsu da waya kafin a taɓa komai.
3. A adana ƙwayayen asali da murafunsu a kwali. Kada a riƙe gilashin halojin da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana.
4. Idan an sauya saitin fitila da manhajar waya irin su BimmerCode ko OBDeleven, a ajiye kwafin saitin asali, a dawo da shi daga baya.
5. A mayar da komai mako biyu ko uku kafin ranar duba motar, don a samu lokacin gyara abin da ya ƙi.
6. Da dare a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, kimanin mita 7 da rabi daga bango, a tabbatar hasken biyun ya daidaita kuma babu alamar gargaɗi.

Ga wanda hasken motarsa bai ishe shi ba, hanya mafi sauƙi ita ce ƙwan halojin mai inganci, mai lamba da wat iri ɗaya da na asali, tare da wanke gilashin da daidaita saitinsa. Wannan ba ya karya doka, kuma da wuya ya jawo magana ranar mayarwa. Kayan aro dai, yadda aka karɓe shi haka ake mayar da shi.