Tsumburbura da Dutsen Dala: Yadda Ake Binciken Wurin Bautar da Ya Ɓace

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san Dutsen Dala, kuma da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa jin sunan Barbushe ba. To, amma ina Tsumburbura take? Ko tubali ɗaya na wurin bautarta bai saura ba. Wannan darasi zai duba abin da aka sani game da wurin, da hanyoyin da masana ke bi su gano abin da ido ba ya gani.

Abin da Littafin Tarihin Kano Ya Ce

Babban madogara shi ne littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Littafin ya bayyana Barbushe a matsayin ɗaya daga cikin zuriyar Dala, ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi ne babban bokan mutanen da ke zaune a kewayen dutsen kafin zuwan Bagauda.

Wurin bautar ba wani dogon gini ba ne. Itaciya ce da ake kira Shamus, aka kewaye ta da katanga. Ba mai shiga ciki sai Barbushe, kuma mutanen sun yi imani cewa duk wanda ya kuskura ya shiga zai mutu.

Sau biyu a shekara Barbushe ke saukowa daga dutsen. Jama'a kan taru daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, ɗauke da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru domin yanka. Idan dare ya yi, sai ya fito tare da makaɗa, ya shiga wurin Tsumburbura, sannan ya dawo ya faɗa wa jama'a abin da zai faru a shekara mai zuwa. An ce a irin wannan dare ne ya yi musu albishir maras daɗi cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su.

Yadda Wurin Ya Ɓace

A cewar littafin, Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ne ya yaƙi masu bautar, ya rushe katangar. A zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali, Musulunci ya shiga fada. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuwa aka sare itaciyar tsafi ta birnin. Abin da aka yi da ƙasa da itace, idan aka daina yi masa yaɓe da kulawa, damina kaɗan ke gamawa da shi.

Kwatanci da Ƙasar Indiya

Domin a fahimci girman abin da aka rasa, yana da kyau a leƙa wata ƙasa a daidai wannan zamani. Bisa lissafin Palmer, Bagauda ya fara sarauta a 999. A 1010, a garin Tanjabur da ke kudancin Indiya, Sarki Rajaraja na ɗaya na daular Chola ya kammala wurin bautar mabiya addinin Hindu da ake kira Brihadisbara. An gina shi da dutse mai tauri, hasumiyarsa ta haura mita 60, kuma yana nan tsaye har yau. A jikin bangonsa an sassaƙa rubutu mai ɗauke da jerin kyaututtukan sarki, da sunayen mata masu rawa 400 da ke yi wa wurin hidima. A 2010 aka yi bikin cikarsa shekara dubu.

Shi ma yana da tatsuniyoyinsa. Ana yawan cewa inuwar hasumiyar ba ta sauka ƙasa da tsakar rana. Amma tun da ginin yana tsaye, kowa na iya zuwa ya gwada ya ga cewa tana yin inuwa. Mai binciken Tsumburbura ba shi da wannan gata. Don haka dole ya nemi wasu hanyoyi.

Hanyoyin Bincike

Hanya ta farko ita ce karanta littafin da lura. An rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan Barbushe, kuma marubucin Musulmi ne. Shi ya sa ya kira ranakun bikin da ranakun Idi biyu, alhali mutanen Dala na lokacin ba su san Idi ba. Wato ya aro kalmar zamaninsa ne ya bayyana abin da ya gabace shi. Haka nan shekarun sarauta, Palmer ne ya lissafo su da baya da baya daga tsawon mulkin kowane sarki, saboda haka na farko-farkon ƙiyasi ne.

Hanya ta biyu ita ce tono ƙasa. Dutsen Dala yana da tama, kuma an gano ragowar murhun narka ƙarfe a gindinsa. Gawayin da ke irin wannan murhu yana ɗauke da sinadarin kabon 14, wanda rabinsa ke raguwa duk bayan shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage, sai a san lokacin da aka sare itacen. Gwajin ya nuna cewa ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7, wato kimanin shekara 300 kafin Bagauda. Wannan bai tabbatar da labarin giwa ba, amma ya gaskata littafin a kan cewa Bagauda ya tarar da jama'a zaune.

Kammalawa

Sauran shaidar da ta rage tana cikin ƙasar Dala da kewayenta. Zaizayar ruwa da gine-gine da zubar da shara suna cin ta a hankali, ko da yake tun 2007 aka sa ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita a jerin wucin-gadi na UNESCO. Sanin tarihin Tsumburbura ba komawa ga bautarta ba ne. Sanin asalin gari ne. Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk kaskon da aka fasa ko murhun da aka haƙe a Dala, shafi ne aka yage wanda babu kwafinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa kiran bikin Barbushe da Idi ya zama abin lura ga mai bincike?
2. Wane abu gwajin kabon 14 ya tabbatar, wane ne kuma bai tabbatar ba?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa wurin bautar Tanjabur ya wanzu, na Dala ya ɓace.