An Dakatar Da Ni Saboda Faɗan Gona

Tambaya: Ni direban tarakta ne a wani kamfanin noma kusa da Sinnar, a Sudan. Ranar Juma'a muka yi faɗa da maƙwabcina kan ruwan ban-ruwa, har muka kwana wurin 'yan sanda. Yanzu an dakatar da ni daga aiki. Yaya zan yi? Wani magidanci, daga Mai Wurno.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ka kwantar da hankalinka, dakatarwa ba kora ba ce. Kamfanin yana jira ne ya ga inda maganar za ta tsaya.

Da farko, ka nemi takardar dakatarwar a rubuce: dalili, tsawon lokaci, da matsayin albashinka. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Ka sami mai jin Larabci sosai ya karanta maka.

Na biyu, ka kashe wutar daga tushe. Ka je wurin limami da dattawan unguwa su yi muku sulhu, a rubuta, shaidu su sa hannu, ka kai wa shugabanka kwafi. Idan kai ka fara kai hannu, ka ba da haƙuri.

Idan an wuce wa'adin dakatarwar ba bayani, ka kai ƙorafi ofishin ƙwadago. Dokar ƙwadago ta Sudan ta 1997 ta ba ma'aikaci wannan dama.

Kada ka yi fushi ka ajiye aiki, kada ka zagi kowa a WhatsApp. Iyalinka na kallonka, ka bi a hankali.