Filin Shawarwari: Kalmar da ta Kore Ni daga Aji

Malam,

Sana'ata cajin waya a bakin tasha, da yamma kuma ina zuwa ajin manya koyon Turanci. Kalmar charge ce ta hana ni sakat. Ni dai na san ta a rumfata: a jona waya ta cika. Sai ga saƙon banki, wai an cire charge daga ajiyata. Da aka kama maƙwabcinmu, aka ce yana caji ofis. Makon jiya mai shagon kusa da ni zai yi tafiya, ɗansa ya rubuto cewa ni ne in charge. Na kwana ina lissafin nawa za su karɓa a hannuna, ashe amanar shagon aka bar mini. Da na ba da labari a aji, aka yi ta dariya. Yau kwana biyar ban koma ba. Malam, in kowace kalma haka take, anya kaina zai ɗauka? Ko in haƙura?

Mai caji, daga Gusau

Ƙanena,

Gobe ka koma aji. Ka tsinci kalma ɗaya a wurare huɗu, ka lura ba abu ɗaya take nufi ba, kuma wannan aikin mai kaifin kai ne.

Asalinta lodin kaya. Mutanen da suka zauna a ƙasar Faransa tun kafin zuwan Rumawa suna da wani amalanke, Rumawa suka ari sunansa suka ce carrus. Daga nan Latin ya samu carricare, wato loda amalanke. Faransanci ya murɗa ta, Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066 suka shigo da harshensu, zuwa ƙarni na 13 ta zauna daram a Turanci. Car da cargo da carry duk 'yan gidansu ne.

To, cire ta ka sa "ɗora" a gurbinta. Banki ya ɗora maka kuɗi. A caji ofis ake rubuta laifin da aka ɗora wa mutum. Mai shago ya ɗora maka nauyin shagonsa. Mu ma haka muke yi: mu ɗora wa jaki mangala, mu ɗora wa yarinya talla, a ɗora wa gari haraji, a ɗora wa wani alhaki. Ba mu taɓa jin mun rikice ba, don a ciki muka tashi.

Ta wajen sana'arka ce ta fi burge ni. Ka taɓa ganin maharbi yana ɗura albarushi a bindigar toka, yana dannawa da sanda? Turawa charge suke ce wa wannan ɗurin. A shekarun 1740 masana a garin Laidin na ƙasar Holan suka gano yadda za a tara lantarki a cikin kwalba. Benjamin Franklin na Amurka, da ya duƙufa a kan kwalaben nan, ya riƙa cewa an yi musu charge, wato an ɗura su. Da ya jera su da yawa ya haɗa, sai ya ara musu sunan jerin igwa a fagen fama, sunan da ya zama batir a bakinmu. Kullum ka jona waya, ɗuri kake yi.

Daga yau kada ka haddace ta ita kaɗai, duba maƙwabtanta. In ka ga in charge of, riƙo ne da kulawa. Charged with a bakin ɗan sanda ko kotu tuhuma ce, kuma tuhuma ba hukunci ba ce. In adadin naira na kusa, kuɗi ne. Free of charge kyauta ne.

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye kusa da soket. Duk inda ka sake gamuwa da ita, rubuta jimlar sukutum da wurin da ka gan ta. In sun kai goma ka kai wa malaminku, ka roƙe shi ya ba ka minti biyar a gaban allo.