Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gwaji Goma na Shirin Ko-ta-kwana a Gida

A ranar 10 ga Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari ruwa ya cinye unguwanni bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, dubban iyalai suka fice daga su sai kayan jikinsu. Wata guda bayan haka, jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako ɗaya babu wutar lantarki. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mai miliyan a banki ya rasa na cefane a aljihu. A Satumban 2021 kuwa aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi sallama kafin ya shigo.

Da an ce shirin ko-ta-kwana, hankalin mutane sai ya tafi kan sayayya, daga nan sai a ce ai babu hali. Alhali gwaji ya fi kaya muhimmanci: gida ya ɗora wa kansa 'yar wahala da gangan, a ranar da ake zaune lafiya, don ya ga inda giɓi yake. Ga guda goma, yawancinsu ba sa cin ko sisi. A ɗauki ɗaya kowane mako, a sa yara a ciki, a ajiye littafi ana rubuta abin da aka tarar babu.

1. Yini guda ba famfo, ba ɗan ga-ruwa

Ku cika abin da kuka saba cikawa da daddare. Washegari kada a buɗe famfo, kada a kira ɗan ga-ruwa, kada a sayi ruwan leda. Ku lura da ƙarfe nawa ruwan ya ƙare. Ƙungiyoyin agaji suna ƙiyasta lita 15 ga mutum ɗaya a rana domin sha da girki da tsafta. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar lita 120, wato jarka biyar mai cin lita 25, kowace rana. Na kwana uku jarka 15. Mai rijiyar burtsatse mai inji kada ya saki jiki, don ranar da aka ɗauke wuta injin ma tsayawa yake yi, kuma ranar ce kurar ruwa ke tsada.

Ruwan sha a ware shi daban a rufe, a riƙa sauya shi kowane mako. Idan dole ta sa an ɗebo wanda ba a yarda da shi ba, a sani alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. A dafa ruwan ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa maganin kulorin yadda aka rubuta a takardarsa, a jira rabin awa.

2. Dare ɗaya a duhu

Bayan magariba maigida ya kashe babban makunnin gida, kada a tayar da janareta har asuba. A nan ake gano cewa tocilar da ake taƙama da ita batirinta ya narke a ciki, ashana ta sha ruwa a gefen murhu, fitilar caji kuma yara sun cinye cajinta tun la'asar. Maganin abin mai sauƙi ne: kowane ɗaki ya sami fitila a wuri ɗaya da ba ya canjawa, ko da ƙusa ce a bayan ƙofa, yadda ƙaramin yaro zai lalubo ta ido rufe. A tanadi rediyo mai batir, don shi ke kawo labari idan waya ta mutu.

Abu biyu ba a wasa da su. Kyandir ko fitilar ƙwai kada su kwana kusa da gidan sauro ko labule. Hayaƙin janareta da na garwashi kuma yana ɗauke da iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutanen ɗaki suna barci. Janareta a fili yake zama, ba a soro ko lungu ba. Kaskon wuta da hunturu a fitar da shi kafin a kwanta.

3. Kowa a waje cikin minti biyu

Wata rana da dare, bayan an sanar da mutanen gida cewa gwaji ne, a ce gobara, a duba agogo. Gidajenmu da yawa ƙofa ɗaya gare su, tagogi duk ƙarafe, soro kuma an cushe shi da babur da buhunan gawayi. Sai ka ga ana neman makullin kwaɗo a aljihun rigar da aka cire tun jiya. Makulli ya sami marataya kusa da ƙofa, kowa ya san wurin. A raba aiki tun yanzu: wa zai ɗauki jariri, wa zai kama hannun kaka, wa zai tashi masu nauyin barci. A koya wa yara rarrafe idan hayaƙi ya cika ɗaki, don iska mai kyau a ƙasa take. A tsayar da wuri ɗaya na haɗuwa, gindin darbejiyar ƙofar gida ko bakin masallaci, a ƙirga kai a can, har da baƙo da 'yar aiki da almajirin da ke kwana a soro. Wanda ya fita ya fita, ba a komawa ɗaukar kaya.

4. Zagayen kicin da ruwan sabulu

Uwargida, ki kaɗa sabulu a ruwa ki shafa a bakin tukunyar gas da duk inda roba ta haɗu da ƙarfe. Inda kumfa ya taso, nan ne yoyo. Idan an ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Idan mai ya kama da wuta a kasko, ruwa ƙara ta yake yi. A kashe murhu, a kifa murfi. A ajiye bokitin yashi a bakin kicin. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata har minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja.

Jarkar fetur ba ta kwana a ɗakin barci. Samarin gida kuma a ja musu kunne kan tankar mai da ta faɗi: a Oktoban 2024 fiye da mutum 150 suka rasu a Majiya ta jihar Jigawa ana cikin kwasar fetur.

5. Takardu cikin minti biyar

A ce wa maigida ya kawo takardar gida ko ta fili, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun haihuwa, sakamakon makaranta, katin rigakafin yara da katin awon ciki. Idan minti biyar ta wuce ana ɗaga katifa ana zazzage akwati, an faɗi. A haɗa su a leda mai kauri, a ɗaure, a sa a jaka ɗaya, a rataye a sama inda ruwa da gara ba sa kaiwa. A ɗauki hoton kowace da waya, a tura wa ɗan'uwa amintacce da ke wani gari. Cikin jakar a ƙara tocila, 'yan kuɗi, zane ɗaya da kayan sauyi na yara.

6. Kwana biyu ba tura kuɗi, ba mai POS

Ku gwada cefane, kuɗin mota da kuɗin tara na 'yan makaranta da abin da ke hannu kawai. Abin da kuka kashe a kwana biyun nan, ku ninka shi ya kai na mako, shi ne abin da ya kamata ya zauna a gida ba a taɓawa. A tara shi a hankali, ko da ɗari biyu ne kullum a asusu, ko kuma a ware shi daga kwasar adashi. Ya zama ƙananan kuɗi, don ranar wahala babu mai canji. Mata da miji duka su san inda yake. Kuma a riƙa biyan mai shagon unguwa bashinsa a kan lokaci, shi ne zai rufa asiri ranar da banki ya ƙi aiki.

7. Lambobi a ka

A kife wayoyi, a tambayi kowa lambar mutum biyu. Manya ma da yawa za su yi shiru. Duk yaron da ya isa shiga firamare ya haddace lambar mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da cikakken sunansu, da sunan unguwa. A Najeriya lambar kiran gaggawa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra 122. A Nijar 18 ce ta 'yan kwana-kwana, 17 ta 'yan sanda. A ƙara da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa, da ta ma'aikacin lafiya na unguwa, da ta mai adaidaita ko mai mota da zai amsa kira ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta tashi. A rubuta su a takarda a manna a bango. A kuma yi shawara tun yanzu: idan layi ya ɗauke, gari ya rikice, yara suna makaranta, a gidan wa za a haɗu?

8. Kwana uku da abin da ke ɗaki

Waɗanda suka ga kullen korona a Kano a 2020 sun san yadda kasuwa ke rufewa dare ɗaya. Ku yi kwana uku ba a aiki kowa cefane ba. Galibi hatsi ba ya yankewa da wuri. Abin da ke tsayar da tukunya shi ne gishiri, mai, kayan miya da makamashi. Iyayenmu sun riga sun warware wannan: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, barkono. Mai gas ta ajiye gawayi, mai gawayi ta ajiye itace. A tanadi abin da ba ya bukatar wuta, irin su garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino da sukari. Wake a zuba shi a jarka busasshiya a toshe bakinta tam, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Rashin iska ke kashe ƙwari, ba sai an barbaɗa wa abinci guba ba. A riƙa cin na tsoho ana mayar da sabo.

9. Ruwan gishiri da sukari, kowa ya haɗa da hannunsa

Amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya, kuma ƙarewar ruwan jiki ke kashe yaro. Lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri. Kowa ya haɗa sau ɗaya ya ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Idan akwai na ƙunshi daga kemis ya fi, kuma ana ba mara lafiya ana shirin asibiti.

A buɗe ledar magunguna a zubar da waɗanda suka lalace. Mai hawan jini, ciwon sukari, asma ko sikila kada ya bari maganinsa ya gaza na mako biyu. Kowa ya san rukunin jininsa. Idan jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsafta, kada a ɗaga ana leƙawa. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a ɗaurewa tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibitin da ke da allurar dafi.

10. Taka hanyar tudu da ƙafa

Hukumar NiMet da hukumar NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a saurara a rediyo. Amma ruwa yakan zo mutane na barci, kamar yadda ya faru a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Ku fita da yara ku taka daga ƙofar gida zuwa tudu mafi kusa, ku ga minti nawa ne, ku lura da gada, rami da kwalbati da ruwa zai rufe. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. A dawo a duba gida: indararo, tsagewar katanga, gindin ginin ƙasa da ke bukatar yaɓe, da kwatar da leda ta toshe.

Wannan gwajin ba na gida ɗaya ba ne. Kafin motar agaji ta iso, maƙwabci ne ke fasa ƙofa. A zauna da mai unguwa a san wa ke da tsani, wa ke da mota, wace ce ma'aikaciyar jinya, wane gida ne ke da tsoho ko mai larura da ba zai iya gudu ba. A sa rana ɗaya ta aikin gayya a yashe magudanar ruwa kafin ruwan farko.

Za a sami mai cewa wannan kiran masifa ne, Allah ke tsarewa. Gaskiya ne Allah ke tsarewa, kuma shi ya sa aka hori mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Bayan kowane gwaji a duba littafi, a gyara abu ɗaya kafin a shiga na gaba. Idan an gama goman, a maimaita sau biyu a shekara: gab da damina saboda ruwa, da farkon hunturu saboda gobara. Allah ya tsare mu da iyalanmu.