Malamar da za ta zauna, a garin ake samo ta

Duk hedimasta a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ya san yadda ake yi: a turo malama daga Gusau, kafin zango ya ƙare ta fara neman canjin wurin aiki. Ban ga laifinta ba. Tun harin da 'yan bindiga suka kai makarantar 'yan mata ta Moriki a 2019, wa zai so 'yarsa ta kwana inda ba ta da kowa? Ga shi kuwa iyaye da yawa ba sa sakin jiki da makarantar da maza zalla ke koyarwa, musamman idan yarinya ta fara tasawa.

Shawarata ga hakimai, kwamitin kula da makaranta na SBMC da sakatarorin ilimi ita ce ku nemi malamar a cikin garinku. Ku zauna da masu unguwa ku tantance 'yan mata da matan aure da suka gama sakandare, ku fara da masu koyarwa a Islamiyya, domin sun riga sun saba da aji. Kwalejin ilimi ta Maru na nan, ga ta tarayya a Gusau wadda mata kaɗai take ɗauka, abin da ke kwantar wa iyaye hankali. Wadda ba za ta iya barin gida ba, ta yi NCE ta hanyar cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, a ƙarshen mako.

Gari ya haɗa kuɗin karatu, wadda aka zaɓa kuma ta sa hannu cewa za ta dawo ta koyar aƙalla shekara biyu. An gwada irin wannan a shirin UNICEF na ilimin 'ya'ya mata, kuma tangarɗar ta fi fitowa bayan kammalawa: takarda a hannu, babu ɗaukar aiki. Don haka ku samu alkawarin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tun kafin ta tafi.

Mijinta kuwa, a je masa tun farko, da liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. A ware mata ɗaki da mai raino saboda goyo, a ajiye ta a makarantar da za ta taka da ƙafa.

Kada a manta da rugage. Yaron da ya tashi da Fulatanci ya fi saurin kama karatu a hannun mai jin yarensa. A Ƙauran Namoda ma, a nemi matasan Fulani masu takardar sakandare a sa su cikin jerin waɗanda za a tura karatu.